Abin da Ya Rage a Ƙarshen Albam na Huɗu

Albam bakwai mawaƙan nan suka fitar a shekarun da nake bin su, kuma har yau in ka tare ni a hanya ka ce in jero maka waƙoƙin da ke cikin na uku, zan jero su ban ko numfasa ba. Turawa ne su biyar, masu gashi har gadon baya, suna irin kiɗan da ake kira hebi metal. A tashar Konni, inda nake kabu-kabu da babur, ba wanda ya wahalar da bakinsa da wannan suna. Kiɗan maƙera suke ce masa, wasu kuma su ce injin niƙa ne ya haɗiye dutse. Ba zan faɗi sunan mawaƙan ba. Ba su yi mini laifin komai ba, amma ba na son jin sunan a bakina. Saboda albam ɗinsu na huɗu na shafe saƙon da mahaifiyata ta yi wa yayana, ta rasu tana jiran amsa.

A lokacin salula ba ta shigo hannun irinmu ba. Wanda yake da ɗan'uwa a Abijan ko Kumasi, kuma ba ya rubutu, kaset yake saya, ya zauna gaban rakoda ya yi maganarsa tun daga gaisuwa har labarin damina da akuyar da ta haihu, ya naɗe a leda ya ba direban da zai tafi can. Bayan wata biyu ko uku amsa ta dawo, sau da yawa a kan kaset ɗin da aka aika. Don haka tsohon kaset yana da kasuwa. Ba ruwan kowa da abin da ke cikinsa, tunda shafewa za a yi.

Wani Bature da ya yi aiki a Malbaza ya bar wa kukunsa kwali guda na kaset da zai koma ƙasarsu. Kukun ya kawo su Konni ya sayar wa wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, shi kuma ya baza su a tabarma don masu aika saƙo. Ni ma saƙo ya kai ni. Na ɗauki ɗaya mai hoton doki ba mahayi, na ce a gwada mini in ji ko zarensa lafiya. Mai gyaran ya danna, sai wani abu ya fito daga lasifikar kamar an kifar da tirelar kwano a kan kwalta. Ya yi maza zai kashe, na riƙe masa hannu. Ƙarƙashin hayaniyar na ji ganga tana tafiya da tsari, ƙafa biyu, ba ta kuskure ko sau ɗaya, jita biyu kuma suna bin juna kamar mata biyu a turmi guda. Ina da shekara ashirin da biyu, kullum cikina cike da haushin da ban san na mene ne ba, sai ga wasu mutane daga wata duniya sun san shi har sun yi masa kiɗa.

Cikin mako guda na tsince duk na mawaƙan daga tabarmar. Shida ne. Ban iya Turanci ba, Faransancin ma ɗan abin da na kwaso ne daga lakwal, makarantar boko, kafin in gudu, amma na haddace kalmomin da kunne, yadda aku yake yi. Na san a albam na farko muryar mai waƙar siririya ce, bai gama girma ba. Na san sun canza mai ganga a na uku, ba wanda ya gaya mini, hannun ne ba ɗaya ba. Na san na shida lalaci ne, sun yi kuɗi sun ƙoshi, waƙa biyu kawai ke da rai a ciki. Wallahi da na ba karatu rabin wannan ƙoƙari da yanzu ina zaune a buro, wato ofis, da fanka a kaina. Abokan aikina suna yi mini tsiya, in na iso su ce ga mai aljanun Turawa nan, ni kuwa daɗi nake ji. Duk Konni ba wanda ya san abin da na sani, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me sanin zai yi mini ba.

Na huɗun ne babu. A bayan takardar na biyar akwai ƙananan hotunan waɗanda suka gabata, a nan na gan shi, rijiya da sarƙa tana lilo a bakinta. Shekara guda ina nemansa. Na tambayi direbobin Sakkwato, na tambayi masu zuwa Yamai, har wani fasinja da na ɗauko daga duwan, wurin ƴan kwastan, ya ce ya san wani malamin lakwal a Illela, ta can hanyar Tawa, da ya yi karatu a waje, yana jin irin wannan haukan. Na ɗauki babur na tafi. Malamin mutumin kirki ne, yana da rakoda mai baki biyu, ya kwafa mini a kan sabon kaset. Waƙa takwas ne, duka sun shiga fuska ɗaya. Na zauna na rubuta sunayensu da jan bik, harafi harafi. Sannan na karya ƴan kunnuwan roba biyu da ke saman kaset ɗin, don in an karya su rakoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kai. Na dawo gida ina jin kamar na sauke farali.

Gidan mu biyu ne, ni da Inna. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Yaya, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, yana Abijan yana sayar da kayan tebur, shekararsa shida bai zo ba. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna irin matan nan ne na da, masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi ƙauyensu a gefen Malbaza, can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko wani mai irin sunan ne ya shigo gidan, sai ta laƙaba masa wani. In Yaya ya zo gaishe ta, tana kallon bango take amsawa, lafiya lau, lafiya lau, shi ke nan. In za a yi masa kaset ni nake maganar, ita tana daga gefe tana cewa, "Ka ce ma wancan hatsi ya yi kyau. Ka ce mishi shi riƙa sallah kan lokaci." Ni kuwa auta, a cinyarta na girma, ina yi mata gardama tana dariya.

Wata Laraba cikin bazara na dawo cin abinci da azahar. Na ɗauko na huɗun daga kan akwatina, sai na ga an cusa ƴar auduga a ramukan kunnuwan nan biyu, an danne ta da kyau. Na jefa shi a rakoda na danna. Inda ya kamata ƙarar sarƙa ta buɗe waƙar farko, sai na ji gyaran murya, sannan, "Salamu alaikum. To, ni ce." Na kashe. Iyakar abin da na saurara ke nan.

Na fito tsakar gida ina ihu. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, tana tsince wake.

"Inna! Wa ya taɓa mini wanga?"

"Ni ce, Auta. Ba ga su nan da yawa ba? Na ga duk ɗaya suke, na ɗauki mai sabon jiki."

"Duk ɗaya? Illela na tahi saboda shi! Ba ki ga na karya mishi kunne ba?"

"Awo, ya ƙi ɗauka. Gwaggonka ta gwada mini dabarar auduga." Gwaggo maƙwabciyarmu ce, aminiyarta tun suna amare. Inna ta ɗago ta dube ni. "Saƙo ne na yi ma yayanka. Da bakina. Ka kai tasha gobe, motar Abijan za ta tashi. Kada ka saurara, ba naka ba ne."

Ya kamata wannan magana ta tsayar da ni. Matar da ba ta taɓa yi masa jimla uku a jere ba ta zauna ta cika fuskar kaset. Ya kamata in kalli ƙafafun da ta miƙe a gabana, waɗanda suka kumbura har zoben azurfarta na yatsa ya nutse. Ban ga komai ba. Idona ya rufe, abin da nake gani kawai shi ne jan rubutuna a jikin kaset, da tafiyar da na sha.

Washegari na ce mata na tafi tasha. Na wuce tashar ko kallonta ban yi ba, na bi ta Tsarnawa, na kama hanyar Tawa, na karya a Badagishiri. Rana tana dukan ƙeyata ina ta yi wa kaina huɗuba. Mene ne a ciki in ba gaisuwa da sallah kan lokaci ba? Zan sayo wani tsohon kaset in ce na farkon ya lalace, ta sake. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai har yau: a Illela akwai shagon da ke sayar da sabon kaset, na wuce ta gabansa. Da na tsaya, da na dawo da waƙata da saƙonta duka. Ban tsaya ba. Ba rashin kuɗi ba ne. Wannan kaset ɗin nake so, mai rubutuna, ina so ya koma yadda yake don a san ba a taɓa kayana. Tsabar taurin kai ne da rashin kunya.

Malamin ya ga audugar ya ce, "An ɗauki wani abu a kai ke nan. Ka tabbata ba a bukatarsa?"

"Surutun gida ne, Malam," na ce.

Ya danna maɓallai biyu. Muka zauna muna shan shayi, yana ba ni labarin yadda ake cika fili a ƙasar Turawa don kallon mawaƙan, zaren yana juyawa yana cinye muryar uwata. Da aka gama na zare audugar da tsinken ashana na yar a ƙofar ɗakinsa. Na ɓoye kaset ɗin a ƙasan akwati, tunda a wurin Inna yana hanyar Abijan.

Ban taɓa ce mata ta sake ba. Kullum sai in ce gobe. In na ce ya lalace za ta tambaye ni yaya aka yi, alhali na riga na ce mata na sa shi a hannun direba, har na siffanta mata direban, wani dogo mai haƙorin Makka da na ƙirƙira. Ƙarya ɗaya ta haifi ƴaƴa. Bayan wata guda ta fara tambaya. Ba kai tsaye ba, ita da kunyarta. Sai ta ce, "Motocin gabar teku suna shigowa kuwa?" In ce suna shigowa. Da damina ta sauka tambayar ta fito fili.

"Auta, wancan bai aiko komi ba?"

"Hanya ce da nisa, Inna. Kin san damina."

"Haka ne."

Ranar da duk aka ce motar Abijan ta iso, sai in tarar ta sa an kai mata tabarma kusa da zaure. Jikin yana ta yin nauyi, numfashi yana yi mata wuya. Na kai ta likita, aka ba ta magani, aka ce zuciya ce. Wata rana ina ba ta kunu ta ture kofin ta ce, ba da ni take ba, da bango take, "Ƙila na yi mishi nauyin baki. Ƙila da na bar abin yadda yake." Na buɗe baki zan faɗa mata. Na rantse da Allah na buɗe. Sai na ce, "Sha kunun, Inna, zai huce." Matsoraci ne ni, ba wani suna da ya dace da ni ban da wannan.

Sai da ta daina tashi na je gidan waya na kira mai shagon da ke kusa da teburin Yaya na bar masa sallahu. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, ana shirin yankan gero. Yaya ya iso ranar Juma'a, kwana huɗu da rufe ta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Washegarin isowarsa ya shiga cikin gida mata su yi masa gaisuwa, ina biye da shi. Gwaggo ta kama hannunsa tana kuka.

"Ɗana, ko ba komi ka ji kaset ɗinta. Ranar nan ta kore ni daga ɗaki ta ja ƙyaure, tun hantsi har kusa azahar ina jin muryarta. Ta hito idonta jawur, amma tana murmushi. Mi ya hana ka amsa mata?"

Yaya ya ce, "Wane kaset?"

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Shi ma ya juyo.

Bai yi mini faɗa a gaban mata ba. Ya ce in ɗauko kaset ɗin da rakoda in same shi a waje. Gidan makoki ba a kunna irin wannan abu, don haka na goya shi a babur muka fita bayan gari, muka zauna ƙarƙashin wani gawo a bakin gonar mutane. A can na faɗa masa komai, da Illela, da shagon da na wuce, da direba mai haƙorin Makka. Yana ta karya wani kara ƙanana ƙanana. Da na gama ya ce, "Sa shi."

"Yaya, ba komi ciki sai kiɗa."

"Na ce ka sa shi. In ji abin da ya hi ta."

Na sa. Ƙarar sarƙa ta buɗe waƙar farko. Ban taɓa jin kunyar wani abu ba kamar yadda na ji kunyar wannan kiɗa a ranar, a tsakiyar gero, gaban mutumin da ya kwana uku a mota. Kuma duk da haka, Allah ya isa tsakanina da kaina, kaina yana bin waƙar. Na san inda ganga za ta ninka gudu a ta biyu. Na san ta huɗu ce mai sanyi, wadda jita ɗaya take farawa ita kaɗai. Na san inda mai waƙar zai ja numfashi a ta shida kafin ya kwarara ihu. Yatsana ya fara motsi a kan gwiwata, na danne shi da ɗaya hannun. Yaya bai ce a rage ba, bai ce a wuce ba. Ya zauna ya sha waƙa takwas ɗin nan duka, idonsa a kan zaren da ke juyawa.

Ta takwas tana ƙarewa da bugun ganga uku, sai jita ta yi ta gunji har ta mutu. A nan kullum nake kashewa in juya kaset. Na kai hannu, Yaya ya riƙe mini wuyan hannu.

"Zaren bai ƙare ba," ya ce.

Shuuu kawai ake ji. Sai wani ɗan ƙas, inda kwafin malamin ya tsaya. Sai muryar Inna, kusa ƙwarai, kamar ta sa bakinta a jikin rakodar, da kukan kaza a bayanta.

"...to, iyakar abin da ke raina ke nan. Ban taɓa hwaɗa maka ba don kunya, yau na hwaɗa. Ka ji ko?" Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ba ta taɓa ci ba. "In ka ji, ka aiko mini ko da kalma guda ce, in san ka ji." Aka ji tana laluben rakodar. "Wanga abu ta ina aka kashe shi?"

Maɓallin ya ɗaga da kansa.

Yaya ya ce, "Mi ta hwaɗa?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka saurara ba ko kaɗan?"

"Ta ce kada in saurara."

Ya yi wata irin dariya da ba na fatan in sake ji. "Wannan kam ka yi mata biyayya." Ya sa hannu ya mayar da zaren baya kaɗan, ya danna, ko zai samu abin da ya gabaci maganar. Jita ce ta fito. Ya ƙara mayarwa, jita da ganga. Ya kashe. "Shekarata talatin da huɗu," ya ce, "in ka tara duk maganar da ta taɓa yi mini ba ta kai tsawon waƙa guda cikin waɗanga ba. Ta zauna ta yi mini ta tsawon waƙa takwas."

Ya cire kaset ɗin ya sa a aljihun rigarsa. Bai hau babur ɗin ba, da ƙafa ya koma gari, ina tura babur ina binsa daga nesa.

Yanzu ya dawo gida gaba ɗaya, yana da shago a Malbaza. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, ƴaƴansa suna zuwa gidana hutu. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matarsa ta taɓa gaya wa matata cewa ya sa an juye masa ɗan guntun a wayarsa, kuma wani lokaci in ya saurara yakan ce, "Na ji, Inna."

Sauran kaset shidan na zuba su a shara tun kafin sadakar arba'in, amma zubarwar ba ta fitar da su daga kaina ba. Bara wani fasinja ɗan jami'a ya nuna mini a wayarsa cewa duk albam ɗin mawaƙan suna nan, har da mai rijiyar, kyauta, danna kawai za ka yi. Ya ce in zaɓi wadda zai sa mini. Na ce ya mayar da wayarsa aljihu. Ba na bukata. Ina kan babur tsakanin duwan da kasuwa sai ta huɗun ta faɗo mini, mai sanyin nan, in ji bakina yana binta kalma kalma cikin harshen da ban sani ba, in riƙa lissafin cewa a daidai nan Inna ta kai tsakiyar maganarta. Ban san ko kuka take a wurin ba ko dariya.